Me ya sa zuciyata ke bin mugun jarumi a finafinan Koriya?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'abociyar kallon finafinan Koriya da na ƙasar Sin ce masu dogon zango, tun ina makaranta. Abin da ke damuna shi ne, na lura jaruman da suka fi kwanta min a rai ba mutanen kirki ba ne. Vincenzo ya kashe mutanen da ban san adadinsu ba, amma har fargaba na riƙa yi kar a kama shi. Rannan maigidana ya zauna ya kalli kashi biyu tare da ni, ya ce, 'Yanzu wannan ɗan ta'addan kike wa fargaba?' Na rasa bakin magana. Ga ƙanwata 'yar shekara 16 da ke zaune a wurina, ta fara cewa ita namiji miskili mai zafin kishi take so, irin na fim. Shin laifi ne son irin waɗannan jarumai? Kuma ta yaya zan bambance labarin da ke nuna mutum da aibinsa da wanda ke yi wa zalunci kwalliya ya kira shi soyayya?" Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambaya biyu kika ƙunso a ganye ɗaya. Ta farko, me ke sa mai hankali ta riƙa bin bayan mai kisa a fim alhali a zahiri ko hanya ba za ta haɗa da shi ba. Ta biyu, ina iyaka tsakanin jarumin da halinsa ya gauraya da azzalumin da aka shafa wa hoda. Ta farkon mai sauƙi ce. Ta biyun ita ce mai nauyi, domin ita ta shafi ƙanwarki. Na yi shekaru ina fassara finafinai masu dogon zango domin a ɗora musu muryar Hausa, daga baya na koma duba rubutun labari kafin a ɗauka, don haka daga cikin madafa zan amsa miki, ba daga kan tabarmar masu ci ba. Sai dai ki yi haƙuri, dole in tona ƙarshen wasu finafinai.

Mu fara da raba tsaki da tsakuwa, domin mutum uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai miskili, wanda ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, amma bai taɓa cutar kowa ba. Wannan rashin sakin fuska ne kawai, ba wani zurfi. Akwai mugu tsantsa da aka ba kyakkyawar fuska da tsadaddun kaya. Sai na ukun, wanda kike tambaya a kansa: mutumin da alherinsa da sharrinsa daga rijiya ɗaya ake ɗibansu. Ba hankaka ba ne mai gaba fari baya baƙi, wannan munafuki ne. Shi wannan, abin da ya sa yake kare ki shi ne ya sa yake hallaka wani, kuma in kika cire ɗayan, ɗayan ma ya tafi.

Inda suka fito

Waɗanda muka fara kallon finafinan Koriya a faifai mun san ba haka suke ba da. Jang-geum, mai girkin fada a Jewel in the Palace na 2003, ko Jumong na 2006, mutane ne da ba ka neman aibinsu ka samu. Tashoshin da suka yi su, irin MBC da KBS da SBS, na kowa da kowa ne, kaka da jika a gaban akwati ɗaya, ga hukuma na sa ido. Da tashoshin biya suka shigo, tvN a 2006, JTBC a 2011, sannan Netflix ta shiga Koriya ta Kudu a 2016, sai marubuta suka sami filin sakewa. Ki duba ki gani, Flower of Evil na 2020 da Vincenzo na 2021 duk na tvN ne, The Glory kuma na Netflix. Ba haɗuwa ce ta banza ba.

A ƙasar Sin lissafin daban ne. Can hukumar tace finafinai ba ta barin mai laifi na wannan zamani ya sha lafiya a ƙarshen labari. Shi ya sa marubutansu ke kwashe irin waɗannan mutane su kai su fadar sarakunan da, ko duniyar aljanu da sarakunan sama, inda mutum zai hallaka gari guda kuma a ci gaba da ba da labarin soyayyarsa. Dongfang Qingcang na Love Between Fairy and Devil, 2022, da Tantai Jin na Till the End of the Moon, 2023, duk sarakunan shaiɗanu ne. Ko fadar ma ba ta tsira ba: Story of Yanxi Palace, mai kashi 70, ya yi tashen da a 2018 babu shirin talabijin da aka fi nema a Google kamarsa, amma a farkon 2019 wata jaridar gwamnati ta caccaki irinsa da cewa suna koya wa mutane makirci da son ƙawa, tashoshi suka janye shi.

Yadda ake sace zuciyar mai kallo

Ki kwantar da hankalinki, ba zuciyarki ce ta lalace ba. Aiki aka yi a kanki, kuma ƙwararru suka yi shi.

Dabarar farko ita ce a ajiye masa wanda ya fi shi muni. Vincenzo lauyan 'yan mafiya ne da aka kai Italiya riƙo tun yana yaro, ya dawo Koriya ba don Allah ba, don zinaren da ke binne ƙarƙashin wani tsohon bene a Seoul. Da a wannan aka tsaya, ɓarawo ne da kwat. Amma sai aka kawo kamfanin Babel, mai gwada magani a kan mutane su mutu, mai sayen alƙalai da masu gabatar da ƙara, aka kuma kashe tsohon lauya mai gaskiya da ke bin doka sau da ƙafa tun a farkon labarin. Marubucin ya rufe duk wata ƙofa ta halal a gaban idonki, har ke da kanki kika ce to, mugu shi ya san makwancin mugu. Wannan ba ya buƙatar mutum ya je Koriya kafin ya gane shi. Duk wanda ya taɓa ganin mai kuɗi ya taka talaka ya wuce, akwai wani lungu a ransa da ke jiran ranar da za a sami daidai da shi.

Sannan a nuna miki ciwonsa na yarinta, kuma a lura da lokacin da ake nunawa: dab da zai yi ta'asa, ko da ya gama. Wang So na Moon Lovers: Scarlet Heart Ryeo, 2016, kafin ki ga ya karkashe mutane a wani wurin bauta, an riga an nuna miki mahaifiyarsa ce ta yanke masa fuska yana ƙarami, ta kuma ƙi shi. Jinin na jikinsa kina ganin yaron nan ne, ba ki ganin gawarwakin. Su gawarwakin kuwa ba a ba su suna, ba a nuna miki matansu na jiran su a gida.

Amma babban makami shi ne kiɗa, kuma wannan a wurin aiki na gane shi. Idan za mu fassara fim, sai mu zauna da rubutun maganganun zalla a takarda, mu kalli hoton ba sauti domin mu auna tsawon motsin baki. Wata rana muna kan wani fim, aka zo inda jarumi ya biyo yarinya waje, ya damƙi tsintsiyar hannunta, ya ja ta zuwa mota tana turjewa. Na taɓa kallon wurin da kiɗansa a gida, har na yi murmushi. Ranar kuwa babu goge, babu waƙa, sai mutum yana jan mace a titi, takalminta ɗaya na neman fita. Na rubuta abin da ya faɗa da Hausa: ba ki isa ki tafi ba sai na ce ki tafi. Yaron da zai ɗora muryar ya karanta, ya cire abin kunnensa ya ce, "Anti, da muryar masoyi zan faɗa ko da muryar ɗan daba?" Duk ɗakin aka yi dariya, ni kuwa tambayar ta zauna min. Kalmomin ɗaya ne. Murya da kiɗa ne ke gaya wa mai kallo abin da za ta ji.

Harshen ma na taimaka musu. Koriyanci na da maganar girmamawa da maganar sakewa, kuma ranar da jarumi ya sauke ta girmamawa ya koma ta sakewa da mace, masu jin harshen na ɗaukar sa a matsayin kusanci, ko raini, gwargwadon hali. Mu a Hausa sai mu zaɓa: "Ke!" zai ce, ko sunanta zai kira a tausashe? Zaɓin mai fassara kaɗai na iya mai da mutum ɗaya abin so ko abin tsoro.

Dabara ta ƙarshe ita ce ta fi shiga jinin 'yan mata: yana yi wa duniya duka tsawa, ita kaɗai yake wa sanyi. Kowa na son ya zama shi ne aka ware. Mace ta ga zakin da kowa ke gudu ya kwantar da kai a cinyar wata, dole abin ya burge. A nan ne kuma tarkon yake.

Wa ya biya bashin?

Idan aka kawo min rubutu mai irin wannan jarumi, ba na auna yawan muguntarsa. Wani ya kashe mutum ɗari a labari kuma labarin na da gaskiya, wani mari ɗaya ya yi kuma labarin maƙaryaci ne. Abin da nake bi shi ne lissafi: ɓarnar da ya yi, an rubuta masa ita a matsayin bashi? In an rubuta, wa ya biya?

Ki ɗauki Boys Over Flowers na 2009, wanda ya fito da Lee Min-ho. Asalinsa labarin zane ne na Japan da aka fara a 1992, Taiwan ta yi nata a 2001, don haka tsohon iri ne da aka yi ta shukawa. Jarumin, Gu Jun-pyo, wanda Lee Min-ho ya fito a matsayinsa, ɗan masu kuɗi ne da in ya sa aka liƙa wa ɗalibi jan kati, makaranta duka ta far masa. A kashi na farko ma, wani yaro da aka yi wa haka har ya hau saman bene zai faɗo, jarumar ce ta cece shi. Ita ma aka liƙa mata, aka jefe ta da ƙwai da fulawa. Daga baya sai ya faɗa son ta, sai aka nuna mana uwarsa ba ta da tausayi, ya tashi cikin kaɗaici. To, yaron benen fa? Har aka gama kashi 25 ba a zaunar da Jun-pyo a kan wannan ba. An yafe masa bashin ba tare da ya san ana bin sa ba, don yana da kyau kuma ya iya kishi. Wannan ba gaurayen hali ba ne. Azzalumi ne da labarin ya yi wa wanka.

Finafinan Tailan sun taɓa wuce nan da nisa. Akwai wani salo nasu da su da kansu suke kira mari da sumba, inda jarumi kan sace yarinya, ya wulaƙanta ta, wani lokaci har ya keta mata haddi, a ƙarshe ya yi kuka a ɗaura aure. Sawan Biang na 2008 shi ne sanannen misali. 'Yan ƙasar da kansu sun yi ta ƙorafi a kan wannan salo. Irin wannan ba na ma tsayawa auna shi.

Yanzu ki ajiye Wang So kusa da su. Shi ma ya so, so mai tsanani, ya kuma kashe. An gina shi a kan sarki na gaske, Gwangjong, na huɗu a daular Goryeo, wanda ya yi mulki daga 949 zuwa 975, ya 'yanta waɗanda aka bautar ba bisa ƙa'ida ba, ya kawo jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ya kuma kashe manyan fada da dangi ba adadi. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba. Da ya hau gado, wannan zafin da ya riƙa kare masoyiyarsa Hae Soo da shi, shi ya juyo ya fara cin na kusa da ita. Ya sa aka yi wa hadimarta dukan mutuwa, yana da hujjarsa, amma ita ta gani da idonta. Ta roƙi a fitar da ita daga fada, ta bi ɗan'uwansa ta tafi. Tana jinya ta yi ta aiko masa wasiƙu. Shi kuwa ya ga rubutun ɗan'uwan nasa a bayan ambulan, fushi ya hana shi buɗewa, ya ajiye su gefe. Ranar da ya buɗe, ta riga ta rasu. Ba wani maƙiyi ne ya raba su ba, ba haɗarin mota ba, ba makircin uwar miji ba. Halinsa ne, wannan dai da ya sa muka so shi. Mutane da yawa sun ji haushin ƙarshen nan, har yau ana neman a yi zango na biyu. Ni a wurina shi ne mafi gaskiya a cikin fim ɗin, duk da kurakuransa na gaggawa a kashi-kashin ƙarshe.

Vincenzo naki yana tsakiya. Abin da zan yaba masa, bai taɓa cewa shi mutumin kirki ba ne, har ƙarshe yana kiran kansa mugu. Sharrinsa bai taɓa juyowa kan masoyiyarsa Hong Cha-young, 'yar tsohon lauyan nan da aka kashe, ba: bai daka mata tsawa don ta yi magana da wani ba, bai hana ta aikinta ba. Ita ma ba 'yar baiwar Allah ba ce, lauya ce da ta yi wa azzalumai aiki kafin a kashe mahaifinta, da idonta biyu ta shiga. A ƙarshe kuma bai sami zaman gida da ita ba, ya bar ƙasar yana gudun hukuma. Inda nake da ja shi ne kashe-kashen ƙarshe. An tsara su ne don mai kallo ya ji daɗi, an ja su, an ƙawata su, har azabtarwa ta zama abin tafi. A nan fim ɗin ya daina tambaya, ya koma rarrashinmu. Don haka maigidanki bai yi ƙarya ba. Ki ce masa yana da gaskiya, ɗan ta'adda ne, kuma fim ɗin ma ya yarda. Abin da kike so ba kisan ba ne, ganin an sami wanda Babel ke tsoro ne.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Flower of Evil, kuma shi nake ba masu koyon rubutu su yi gardama a kai. Mutum ne maƙerin kayan ƙarfe na ado, miji nagari, mai dafa abinci, mai kai 'yarsa makaranta. Matarsa 'yar sanda ce mai binciken kisa. Sunan da ta san shi da shi ba nasa ba ne. Ɗan wani mai kisan mutane ne, ana kuma neman sa da laifin kisa, wanda daga baya ta bayyana ya ɗauka ne don ya kare yayarsa. Akwai wurin da aka nuna shi shi kaɗai yana kallon bidiyo yana koyon yadda ake murmushi, domin ya yarda shi ba ya jin komai, kwaikwayo kawai yake. Ba mai dukan mace ba ne. Amma shekara 14 yana mata ƙarya a kan komai, har sunan da 'yarsu ke ɗauke da shi. Shin ba cuta ba ce wannan? Cuta ce, babba. Abin da ya ceci labarin shi ne ya ba matar lokaci. Ta gano da kanta, da aikinta. An bar ta ta yi fushi, ta yi amai da baƙin ciki, ta gwada shi, ta riƙe ankwa a hannu tana da ikon sa masa. Da ta zaɓi zama, ta san da wa take zaune. Ki kwatanta da finafinan da yarinya ke jin gaskiya a minti na 40, ta yi kuka a ruwan sama, a minti na 55 ta yafe.

To kin ga tambayoyin da nake yi ba su da yawa. Ina sharrin nasa ya dosa, waje ko kanta? Ta san gaskiyarsa, ko a duhu take son sa? In ta ce za ta tafi, ƙofa a buɗe take? Sannan in ya canza, me ya canza shi: ya ga ɓarnarsa ne ya ji kunya, ko kuwa haƙurinta ne ya narkar da shi? Wannan ta ƙarshen ita ce mafi haɗari, domin tana ɗora wa mace aikin gyaran namiji. In bai gyaru ba, sai a ce haƙurinta ne bai kai ba.

Idan mace ce fa?

Bari in ɗan ratse, domin abin na ci min tuwo a ƙwarya. Na lura masu kallo, har da mu mata, mun fi saurin yafe wa namiji. Moon Dong-eun ta The Glory, wadda Song Hye-kyo ta fito a matsayinta a ƙarshen 2022, 'yan ajinsu sun ƙona mata jiki da ƙarfen gyaran gashi, makaranta ta rufe maganar, uwarta ta karɓi kuɗi ta sa hannu. Irin wannan ƙuna ta taɓa faruwa da gaske a wata makaranta a Cheongju a 2006. Ta shafe shekara 18 tana shiri, har ta zama malamar ajin 'yar wadda ta azabtar da ita. Ban ga ta soki kowa da wuƙa ba, haɗa su kawai ta yi suka cinye juna. Duk da haka na sha jin ana cewa ta cika riƙo, ta sa yarinya ƙarama a tsakiya. Gaskiya ne ta sa, kuma labarin bai wanke ta a kan haka ba. Amma bakin da ya faɗi wannan shi ne ya yi wa Vincenzo tafi.

Soyayyar cikinsa ma abin dubawa ce, domin an juya tsarin. Likitan da ke son ta bai zo ya ce zai warkar da ita ba. Ta gaya masa ba ɗan sarki take nema ba, mai tayin aiki take nema, hauni. Ta nuna masa tabon jikinta, ya gani, ya ce ya yarda. Shi ma yana ɗauke da nasa, wani da mahaifinsa ya yi wa magani ne ya kashe mahaifin. Wasu na ganin soyayyar ba ta da gishiri, ni ma ina ganin an ɗan cusa ta. Sai dai babu wanda ya yaudari wani a cikinsu. Haka Wei Yingluo ta Yanxi, da ta shiga fadar sarki Qianlong a matsayin mai ɗinki don ta gano wanda ya kashe yayarta: ta yi ƙarya, ta yi makirci, ta rasa wanda take so da gaske, ta auri sarki da lissafi. An so ta ne saboda ba ta jiran a zo a cece ta.

Maganar ƙanwarki

Ba daga Koriya ta fara jin wannan ba. Ki leƙa littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad, ki ƙirga nawa ne jaruminsu ba miskilin mai kuɗi ba ne da aka yi wa auren dole, ya yi wata shida yana gasa wa yarinya aya a hannu, sannan ta yi ciwo ya rikice. Finafinan Indiya masu dogon zango ma cike suke da shi. Arnav na Iss Pyaar Ko Kya Naam Doon, 2011, tilasta wa yarinyar ya yi ta aure shi na wata shida. Ƙasa a jiƙe take, Koriya iri kawai ta ƙara.

Hana ta kallo ba zai yi ba, wayar ƙawa na nan. Wa'azi a kan fim kuma yana sa yarinya ta rufe kunne, ta ɗauka ba ki waye ba. Abin da na ga yana aiki, na kuma gwada da 'yan gidanmu, shi ne ki kalla tare da ita a matsayin abokiyar kallo, ki so abin da take so, ki yaba kyan jarumin in yana da kyau. In aka zo wurin jan hannu, ko ƙwace waya, ko ya daki wani don ya gaishe ta, ki mayar baya ki kashe sautin ku sake kallo. Kar ki ce komai. Ko ki ce mata ta faɗi maganar tasa da Hausa, da muryar wani saurayi na layinku. Dariya za ta yi, dariyar kuma ta fi nasiha goma. Wata rana ki tambaye ta, da a ce ba Lee Min-ho ba ne, mai gadin makarantar ne ya yi wannan, me za a kira shi?

Ki kuma nuna mata bambancin da fim ke ɓoyewa. A fim marubuci ne ke riƙe da linzamin miskilin, shi ya yi alkawarin cewa a kashi na 12 zai yi laushi, kuma ba zai taɓa wuce gona da iri ba. Ita mai kallo ta san haka, shi ya sa tsoron ke da daɗi, kamar na lilon sallah. Saurayin da ke duba mata waya a zaure babu marubuci a bayansa.

Iyakata a nan ita ce labari da yadda ake gina shi. Idan kin ga abin ya wuce magana, akwai wani da ke tsare ta, yana mata barazana ko yana raba ta da ƙawaye, wannan ya fita daga hannun mai fassarar fim, na iyaye ne da manya, kuma kar a jinkirta. Hukuncin kallon kansa ta fuskar addini kuma na malamai ne, su za ki tambaya. Amma a kan ko son Vincenzo ya mai da ke wata iri, a'a. Kin tsaya kin tambayi kanki, wanda fim ya yi wa illa ba ya tsayawa.

In kuna neman na farawa ke da ita, ku ɗauki Scarlet Heart Ryeo, kashi 20 ne. Ki bar ta ta so Wang So yadda take so, kar ki tona mata komai. Ki dai tanadi hankici a kusa kafin ku kai wurin wasiƙun nan.